Kafin ku bar alkama, ku bari a ɗebi jininku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Ni ba ma'abociyar rubuto wasiƙa ba ce, jaridarku dai nake karantawa in ninke in ajiye. Abin da ya ta da ni yau shi ne ɗan rubutun da kuka buga a shafin lafiya kwanakin baya, inda marubucin ya shawarci duk mai fama da kumburin ciki ya daina cin alkama na wata guda ya gani. Ya ce ai babu abin da mutum zai rasa. Sau uku na karanta wannan layin, sannan na nemi biro. Akwai abin da ake rasawa, kuma ni na rasa shi.

Lissafi nake koyarwa a sakandare, shekaruna 43, 'ya'yana uku. Na shafe wajen shekara bakwai cikina bai bar ni na sha ruwa ba. Da safe in tashi shafal, kafin azahar ya taso ya yi tauri kamar an hura ƙwallo, har sai na ɓalle maɓallin siket a ɓoye a bayan tebur. Sau biyu ana yi mini barka da juna biyu alhali autata ta riga ta shiga firamare. Wani makon gudawa, wani makon in kwana uku ban zaga ba. Ga wata irin kasala da barci ba ya kashe ta. Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba cikin ba ne, kaina ne. Wata rana ina tsaye gaban allo, alli a hannu, ina tsakiyar warware lissafin da na koyar ya fi sau ɗari, sai ya ɓace mini ɓat. Na tsaya ina kallon rubutun hannuna kamar wani ne ya yi shi. Wata yarinya a layin gaba ce ta ce a hankali, "Malama, sai a raba da biyu." Na yi dariya na ce dama gwada su nake yi. Da aka tashi na koma ofishin malamai na kifa kai a tebur, na daɗe ban ɗago ba.

Magani kam na sha. An yi mini na olsa har na haddace sunayen ƙwayoyin. An yi na taifod, an yi na tsutsar ciki, an ce damuwa ce in rage tunani. Kullum aka auna jinina sai a ce ya yi ƙasa, a rubuta mini ƙwayar ƙarin jini, in sha wata da watanni, jinin ya ƙi motsi. Ban cika ganin laifin waɗanda suka duba ni ba. Ciki dai kukansa kusan iri ɗaya ne ko me ke damunsa, likita kuma yana da layin mutane a waje suna jira.

Wata abokiyar aikina ce ta fara cewa in gwada barin alkama, irin shawarar nan da kuka buga sak. A waya ta gani. Na ce to, tun da na gwada komai. Na ajiye burodi, na ajiye taliya da biskit da kek da duk abin da na san fulawa ta shiga. Ranar farko zuwa ta huɗu ban ga komai ba sai yunwa da saurin fushi. Kafin mako na uku ya ƙare kuwa, maɓallin siket ya daina damuna. Na fara tashi da asuba ba tare da na ji kamar an yi mini duka cikin dare ba. Maigidana ne ya fara lura, ya ce rabon da ya ji ina waƙa a kicin har ya manta. Na ce shi ke nan, na gano bakin zaren. Na shiga yi wa kowa wa'azin barin alkama, har da waɗanda ba su tambaye ni ba. Allah ya yafe mini wannan.

Abin da ake zargi a cikin alkamar shi ne gulutin. Ga wanda bai san abin da ake nufi da gulutin ba, ba wani sinadari ne da ake zubawa a masana'anta ba. Halittar ƙwayar ce. Wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Duk wadda ta taɓa kwaɓa fulawa ta riƙe shi a hannunta. Ki kwaɓa, ki murza har ya yi laushi, sannan ki sa curin a ruwa ki yi ta wankewa kina matsewa. Ruwan zai yi fari, sitacin kenan yake tafiya. Abin da zai rage miki a tafin hannu, wani ɗan dunƙule mai danƙo, ruwan toka-toka, mai miƙewa kamar roba, shi ne gulutin. Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi, shi ya sa garin shinkafa ko na masara ba ya yin burodi irin wanda aka saba. Na yi wannan wankin sau ɗaya don in ga maƙiyina ido da ido. Na yi mamakin ƙanƙantarsa.

Sai da na yi wata biyar ba alkama sannan na samu ganin likitan hanji, shi ma don ƙarancin jinin ne aka tura ni. Na shiga da fara'ata, na zayyana masa yadda na warkar da kaina. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Malama, kafin ki daina, an ɗebi jininki an yi gwajin siliyak?" Na ce ban taɓa jin sunan ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Kin riga malam masallaci."

Ya jawo takarda ya yi mini zane. Ya ce masu cewa alkama ba ta karɓe su ba, kashi uku ne, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai masu borin jini da alkama, waɗanda da sun ci, cikin mintuna jiki zai yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Akwai masu cutar siliyak, su kuma garkuwar jikinsu ce ke rikicewa: da gulutin ya isa ƙaramin hanji sai ta far wa hanjin kansa. Cikin ƙaramin hanji, in ji shi, a shimfiɗe yake da 'yan tsiraye ƙanana miliyoyi kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A jikin mai siliyak tsirayen nan suna lanƙwashewa su shafe, tawul ya koma tsohon tsumma mai santsi. Sai mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki na cikin yunwa: jini ya yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni, yaro ya ƙi girma, wata macen ta yi ta ɓari, wani kuma ƙuraje masu ruwa da azabar ƙaiƙayi su feso masa a gwiwar hannu da ta ƙafa. Kashi na uku su ne waɗanda alkama ke wahalar da su ƙwarai, amma in an duba hanjin lafiyarsa lau, kuma har yau babu wani gwajin jini da ke nuna su. Sai an kore na farko da na biyu sannan a ce mutum na uku ne.

Matsalar ita ce, gwajin siliyak, wanda ake kira tTG, sawun faɗan da garkuwar jiki ke yi da gulutin yake nema a jini. In an daina cin gulutin faɗan sai ya lafa, sawun ya goge, hanjin ma ya fara warkewa. Ko an zura na'ura ta baki an gutsuro tsokar hanjin an duba, za a iya ganin komai daidai alhali cutar na nan kwance. Wato ni da hannuna na share shaidar da likita zai yi aiki da ita. Hanya ɗaya ta rage, in koma cin alkama kullum, fiye da sau ɗaya a rana, har mako shida, sannan a gwada.

Na jira dogon hutun makaranta na fara. Ba zan ɓoye ba, yankan burodin farko na ci shi da daɗi har da lumshe ido. Kwana biyu bayan nan na san na ɗebo ruwan dafa kaina. Abin da na yi shekara bakwai ina jurewa a tsaye, bayan hutun wata biyar sai ya dawo da ƙarfin da ban san shi da shi ba. Ciki ya murɗa, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo, baki ya fashe da 'yan gyambuna, na koma kwana a ƙofar banɗaki. Na zana layi 42 a bayan kalanda ina soke ɗaya kowane dare. A rana ta 19 ina zaune a ƙasan kicin, yankan burodi a faranti a gabana, na kasa kai shi baki. Maigidana ya shigo ya gan ni, bai ce komai ba, ya ɗauke farantin. A nan gwajin ya tsaya. An ɗebi jinin duk da haka, sakamakon ya fito a tsaka-tsaki, bai ce e ba bai ce a'a ba.

Daga baya aka yi mini gwajin ƙwayar halitta. Kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗaya daga cikin alamomin gado biyu da ake kira DQ2 da DQ8. Da ba a same su a jikina ba, da magana ta ƙare, an wanke ni. Sai aka sami DQ2. Amma wannan ma ba hukunci ba ne, domin wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da su, alhali masu cutar kusan ɗaya ne cikin ɗari. Malamar lissafi ce ni, ba sai an fassara mini ba: ƙofa a buɗe take, amma ba wanda ya ga ko ɓarawon ya shiga.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da ko wanne ne maganin dai barin alkama ne? A nan ne nake so masu karatu su tsaya. Mai siliyak ba ragewa zai yi ba, dainawa ce ta har abada, kuma har burbushi. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum na tsawon wata uku ya isa ya taɓa hanjin mai cutar, abin da bai wuce ɗan ɓarɓashin burodi ba. Kuma hanjin na iya lalacewa ba tare da mutum ya ji komai ba, don haka "ai na ci ban ji ciwo ba" ba hujja ba ce. Yana bukatar a riƙa bibiyar jininsa da ƙarfin ƙashinsa, a duba 'ya'yansa da 'yan uwansa na jini, don kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu kan kasance da ita. Shi kuwa na kashi na uku, sau da yawa yakan iya jure kaɗan, kuma ba sai ya raba tukunya da kowa ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Ostireliya sun tara mutum 37 da suka haƙiƙance gulutin ne ke damunsu, an kuma tabbatar ba su da siliyak. A 2013 suka fitar da sakamako: da aka rage musu wasu nau'o'in sukarin da hanji ba ya iya narkarwa sosai, sai suka samu sauƙi, da aka saka musu gulutin a ɓoye kuma ba a ga ya yi wani tasiri na musamman ba. A 2018 aka yi makamancin haka a Oslo da mutum 59, aka ga wani sinadari da ake kira furuktan ya fi gulutin ta da musu ciki. Furuktan ɗin nan yana cikin alkama, amma yana cikin albasa da tafarnuwa ma. Ke nan mutum na iya barin alkama ya ji sauƙi na gaske, ya ɗora laifin a kan gulutin, alhali wani ne ya yi ɓarnar. Ba ina cewa ciwon ƙarya ba ne. Wanda ya kwana a ƙofar banɗaki ba ya bukatar a gaya masa ciwonsa gaskiya ne. Ina cewa ne jin sauƙi kaɗai ba ya faɗa maka sunan abin da ke damunka.

Ni da ban sani ba, likita ya ce in ɗauki mafi tsanani. Shekara uku ke nan ina rayuwar mai siliyak ba tare da takardar da ta ce ina da ita ba.

Abincin kansa bai zama wahala ba kamar yadda na zata. Shinkafa, masara, gero, dawa, dankali, rogo, wake, nama, kifi, ƙwai, madara, ganye da 'ya'yan itace, babu gulutin a ko ɗaya. Wahalar tana inda ido ba ya gani. Sau na farko da ciwon ya dawo mini ba gaira ba dalili, na yi kwana biyu ina bin diddigi kamar ɗan sanda, ashe matsamin da nake tace shinkafa shi ake tace wa yara taliya, kuma komai wankin da aka yi masa sai wani abu ya maƙale a 'yan hujojin. Na biyu, garin masara ne da aka niƙa a injin da ya gama niƙa alkama. Na uku, kifi ne a gidan abinci, an barbaɗa masa fulawa kafin a soya don ya yi ƙamas-ƙamas, mai kawo abincin kuma ya rantse mini babu alkama a ciki, don shi a saninsa fulawa daban alkama daban. Ban yi fushi da shi ba. Da can ni ma ban taɓa haɗa su a raina ba.

Yanzu ina da rariyata, da matsamina, da cokulan katako biyu da na ɗaura wa jan zare a wuya. Man da aka soya abin fulawa a ciki ba na kusantarsa. Wuƙar da ta shafa bota a burodi ba ta komawa cikin robar, wannan dokar sai da muka yi rigima a kanta da babban ɗana kafin ta zauna. In ana kwaɓa fulawa a gidan, fita nake yi, don garin yana tashi a iska ya sauka a kan komai. Na kuma koyi karanta ƙananan rubutun bayan kwali, har sai da na sayi tabarau. Alkama na ɓuya a wasu dunƙulen ɗanɗano, a garin miya na leda, a tsiran-alade, a ruwan waken soya na girki. Duk inda na ga an rubuta malt, sha'ir ne, abin sha ne ko alewa, sai in mayar. Hatsin da ake kira ots shi kansa ba shi da gulutin, amma yawanci gona ɗaya da inji ɗaya suke bi da alkama, sai wanda aka tace musamman. Ƙa'idar da hukumar ma'aunin abinci ta duniya, Codex, ta tsayar a 2008 ita ce, kafin a rubuta wa abu "ba gulutin" kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. Wasu kayan kan zo da hoton zangarniyar alkama an ja mata layi. Wanda bai rubuta komai ba kuwa, sai dai mutum ya bar shi.

A nan zan ɗan kauce in yi magana kan kayan "ba gulutin" na kanti, don na ga ana ɗaukarsu kamar abincin gyaran jiki. Na sayi burodinsu a farkon lamarin. Tsada ga ta, ɗanɗano kuma kamar soso ya sha ruwa. Da na karanta bayansa sai na ga galibi sitaci ne tsantsa, an ƙara mai da sukari da wani danƙo don ya riƙe. Na yi wata biyu ina ci, na ƙara ƙiba, bayan gida ya yi tauri, don dusar da ke cikin cikakkiyar alkama babu ita. Biskit dai biskit ne ko da gulutin ko babu. Wanda alkama ba ta yi wa komai, bai ci ribar komai ba in ya bar ta, sai ma ya yi asarar abinci mai sauƙin samu da riƙe ciki.

Abin da ya fi kicin wuya shi ne mutane. Surukata mace ce mai hannun kyauta, ba ta yarda ka bar gidanta bakinka a bushe. Ranar da na fara mayar mata da faranti, kek ne ta gasa da kanta don zuwanmu. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya hana ni." Ta ce, "Ɗan ƙyas ɗin nan? Ai ko magani ne kya taɓa." Na ce ko ɗan ƙyas. Ta dubi ɗanta, ta dube ni, ta rufe kek ɗin da murfi a hankali, ta ce, "Mu dai mun ci mun tsufa." Har muka tafi ba ta sake duban inda nake ba. A mota na yi kuka, ba don kek ba. A wurin aiki kuma na sha jin "cutar 'yan gayu" da "ciwon Turawa", wani malamin ma har ya ce in na gaji da yangar zan dawo hanya.

Wannan magana ta ciwon Turawa ita ta sa na shiga karatu. Cutar tsohuwa ce. Wani likitan Girka, Aretayus, ya bayyana ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, sunan ma daga kalmarsu ta "ciki" ya samo asali. A 1888 wani likita, Samuel Gee, ya yi cikakken bayaninta a Landan, ya kuma hango cewa in za a warke to ta hanyar abinci ne, sai dai bai gano wane abincin ba. A 1924 wani likita a Amurka ya riƙa ɗura wa yaran ayaba, suna samun sauƙi, aka yi ta yabon ayaba, alhali barin burodin ne ke aiki. Wanda ya kama ɓarawon shi ne Willem Dicke, likitan yara a Holand, wanda ya daɗe yana zargin alkama. A hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, burodi ya yanke a ƙasar, sai yaran da ke da cutar suka fara murmurewa a daidai lokacin da kowa ke ramewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakonsa. Gaskiya ne a Turai aka fi nazarin cutar, shi ya sa aka zata tasu ce. Amma a 1999 likitocin Italiya suka gwada yara kusan dubu na mutanen Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka sami kashi 5.6 cikin ɗari suna da ita, ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Yaran sansanin gudun hijira dai ba wanda zai ce yanga suke yi. Inda ba a gwadawa ne ake cewa babu.

Autata ce ta rufe bakin kowa, ba ni ba. Tun tana ƙarama 'yar firit ce, ita ce a gaban layi duk shekara, ga ciki ɗan tulu, ga saurin gajiya. Muna cewa ai jikin kakarta ta ɗauko. Da na ga yadda na samu sauƙi, na yi niyyar cire mata alkama ita ma, har na fara rage mata. Likitan nan ya ɗaga murya a karon farko tun da na san shi. Ya ce, "Kada ki kuskura. Ki bar ta ta ci abin da ta saba, ki kawo ta a ɗebi jini." Na kai ta tana da shekara tara, da burodin safe a cikinta. Sakamakon ya ninka iyakar ma'auni fiye da sau goma. Aka sake ɗibar wani jinin aka yi gwaji na biyu, shi ma ya tabbatar. Likitan ya ce a ƙa'idar likitocin yara ta Turai, in lamba ta kai haka ba sai an zura wa yaro na'ura ba. Cikin mako biyu aka ba ta amsar da ni har yau, shekara uku ke nan, nake nema. 'Yan uwanta biyu an gwada su, ba su da ita.

Da takardar a hannu komai ya sauya mata. Makaranta ta karɓa ba musu. Mahaifinta, wanda a da yakan ɗan yi murmushi in ya ga cokulana masu jan zare, shi ya sayo sabbin tukwane. Hajiya kuwa ta sa aka karanta mata takardar sau biyu, ta yi shiru, ta ce, "Ashe yarinyar nan yunwa take ji muna kallo." Zuwanmu na gaba ta jawo ni kicin ta nuna mini wata sabuwar tukunya da ludayi a cikin leda, ta ce ba wanda ya taɓa su, na jikarta ne. Sai ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Ke ma kya iya ci a ciki." Cikin shekara ɗaya da rabi an sake wa yarinyar kayan makaranta sau biyu, jininta ya hau ba tare da ƙwaya ba bayan watannin farko, kuma yanzu ita ke karɓe kwali daga hannuna a kanti ta karanta, don ta fi ni ido.

Roƙona gare ka, Edita, ka ba wani likitan hanji fili a shafin nan ya yi wannan bayani da bakinsa, don ni malamar lissafi ce kawai, abin da ya same ni na faɗa. Marubucin naku kuma, wanda na san da kyakkyawar niyya ya yi, ya ƙara layi ɗaya a shawararsa: mai kumburin ciki da ya daɗe, ko ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ko yaron da ya ƙi girma, a fara ɗibar jini ana cikin cin alkamar, a yi gwajin siliyak, sannan a yi maganar dainawa. Allura ɗaya ce a hannu.

Ni kuwa, watan jiya likitan ya sake tayar mini da zancen. Ya ce tun da an samu 'yata da ita, zato ya ƙara ƙarfi a kaina, amma zato ne har yanzu, in ina son tabbaci mako shidan nan na nan suna jirana, ko da za a ɗan rage yawan abin da zan riƙa ci. Dogon hutu saura wata biyu. Tsohuwar kalandar tana cikin durowa, layi 19 a soke, 23 a tsaye. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Na gode da fili.

Taku,
Wata malamar lissafi, mai karanta jaridarku